Karatu a Matsayin Agaji: Shirye-Shiryen Gwamnati ga Marasa Aikin Yi Lokacin Karayar Tattalin Arziki, Tare da Waiwaye Kan Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya karye, abin da aka saba gani daga hukuma shi ne rabon hatsi, ko rangwamen haraji, ko ɗaukar ƙarti aikin hanya na 'yan watanni. Akwai kuma wani nau'in agaji wanda ba a cika maganarsa ba, wato gwamnati ta buɗe wa marasa aikin yi ƙofar karatu mai zurfi, ta biya malamai, ta ce wa waɗanda suka rasa abin yi su zo su zauna a aji kafin al'amura su daidaita. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda aka gwada wannan dabara a Amurka a shekarun 1930, da kuma abin da ya yi kama da ita a Nijeriya tun daga 1986, tare da ɗora bayanin a kan Azare da ƙasar Katagum ta Jihar Bauci. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, agajin da aka bi da shi ta cikin makaranta yakan bar gado bayan kuɗin agajin sun ƙare, wanda kuwa aka bi da shi ta bayan makaranta yakan tafi tare da gwamnatin da ta kawo shi.

Ya kamata tun daga farko a fayyace wanda ake nufi da maras aikin yi. A ƙasar noma irin ta Katagum, ba a kiran manomi da wannan suna, domin damina tana da aikinta, rani kuma yana da nasa, ko a fadamun kogin Jama'are ko kuwa a tafi cin rani Kano da sauran birane. Wanda ake nufi a nan shi ne saurayi ko budurwar da suka gama makarantar boko, suka riƙe takardar shaida, suka nemi aikin albashi suka rasa, ko kuma ma'aikacin da aka sallama. Irin zaman da waɗannan ke yi shi ne Bahaushe ya laƙaba wa suna zaman kashe wando.

2.0 Kwalejojin Gaggawa na Amurka

Karayar tattalin arzikin duniya da ta faro a 1929 ta kai maƙura a Amurka a 1933, lokacin da kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu na ma'aikatan ƙasar ya rasa aiki. A watan Mayu na wannan shekara gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa Hukumar Agajin Gaggawa ta Tarayya, ta ɗora Harry Hopkins a kanta. Aikin hukumar shi ne ta riƙa miƙa wa jihohi kuɗi su agaza wa waɗanda suka tagayyara. Daga cikin waɗannan kuwa har da dubban malaman makaranta da masu digiri.

Wasu jihohi sun lura da abubuwa uku da ke zaune a banza a gari ɗaya: ga malamai masu ilimi babu aiki, ga samarin da suka gama sakandare babu aiki kuma babu kuɗin shiga jami'a, ga kuma gine-ginen makarantun sakandare da ake kullewa da zarar an tashi da yamma. Sai suka haɗa ukun wuri ɗaya. Aka ɗauki malaman ana biyansu daga asusun agaji, aka ari azuzuwan sakandare da dare, aka kira samarin su zo su karanci darussan shekarar farko da ta biyu na jami'a. Waɗannan su ne aka kira kwalejojin gaggawa. Jihar New Jersey ta buɗe guda shida. A Michigan an buɗe kimanin ɗari a 1934, masu koyar da darussan shekarar farko kawai, aka kuma ɗora wa jami'o'i da kwalejojin horar da malamai na jihar nauyin sa musu ido.

Wannan sa ido shi ne gishirin shirin. Da yake darussan sun yi daidai da na jami'a, ɗalibin da ya yi ƙwazo yana da fatan ya ɗauki sakamakonsa ya ci gaba a wata makaranta idan hali ya samu. Ke nan shekarun da ya yi ba shi da aiki ba su tafi a banza ba.

Ba a daɗe ana ba da kuɗin ba. Zuwa tsakiyar shekarun 1930 gwamnatin tarayya ta janye hannu, kuma yawancin kwalejojin suka rufe. Sai dai wasu sun ƙi mutuwa. Kwalejin da aka buɗe a watan Oktoba na 1933 a wata makarantar sakandare ta garin Roselle ta rikiɗe ta zama mai cin gashin kanta, ita ce tushen babbar kwalejin gundumar Union ta New Jersey. Wadda aka buɗe a wannan shekarar a makarantar sakandaren Long Branch, ita ma da karatun dare ta fara, ta zama Kwalejin Monmouth a 1956, ta kuma zama jami'a a 1995. Abin da aka fara domin a ciyar da malamai marasa albashi, shi ne ya haifar da jami'a bayan shekara sittin da biyu.

A waɗannan shekaru na 1930 ƙasar Hausa ma ta ɗanɗana kuɗarta, domin farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas, alhali kuwa haraji da jangali da tsabar kuɗi ake biya. Amma gwamnatin mulkin mallaka tsuke bakin aljihu ta yi, kuma 'yan bokon Arewa a lokacin ba su kai yawan da za a ce sun rasa aiki ba. Saboda haka sai an tsallako zuwa shekarun 1980 ne za a sami abin kwatantawa.

3.0 Boko da Aikin Gwamnati a Ƙasar Katagum

Masarautar Katagum, wadda Malam Ibrahim Zaki ya kafa a zamanin jihadi a farkon ƙarni na 19, aka kuma mayar da fadarta Azare a farkon mulkin Turawa, ta yi suna wajen fitar da manyan ma'aikatan gwamnati. Alhaji Sule Katagum ya shugabanci Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya fiye da shekara goma, har zuwa 1975. Alhaji Aminu Saleh ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya a zamanin Janar Sani Abacha, haka ma Alhaji Mahmud Yayale Ahmed, mutumin Shira, ya riƙe shi a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. An kawo waɗannan sunaye ne domin a fahimci abin da takardar shaida take nufi ga mutumin wannan yanki. Tun tale-tale, uban da ya saki ɗansa ya tafi makarantar boko ya yi haka ne da sanin cewa ƙarshen hanyar ofis ne, ko aji, ko asibiti, kuma mai biyan albashin hukuma ce, ta En'e a da, ta jiha ko ta tarayya daga baya. Ba a san yankin da manyan masana'antu irin na Kano ko Kaduna ba, waɗanda za su kwashi wanda gwamnati ta bari.

Shekarun 1970 sun ƙara ƙarfafa wannan fahimta. An ƙirƙiri Jihar Bauci a 1976, sabuwar jiha kuwa tana bukatar ma'aikata a kowace ma'aikata. A wannan shekarar ce aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ya sa makarantu suka yawaita fiye da malaman da za su koyar a cikinsu. Domin cike wannan giɓi aka kafa Babbar Kwalejin Horar da Malamai ta Azare a 1977, wadda daga baya ta zama Kwalejin Ilimi, aka kuma raɗa mata sunan Aminu Saleh. A wancan zamani ɗalibi bai cika fita daga irin wannan kwaleji ba sai aiki na jiransa.

Daga 1981 kasuwar man fetur ta fara ja da baya. A watan Afrilu na 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, kuma kafin ƙarshen wannan jamhuriya jihohi da dama sun kasa biyan malaman firamare albashi na watanni. Gwamnatin soja da ta karɓi mulki a ƙarshen 1983 ta sallami ma'aikata masu ɗimbin yawa a 1984. A daidai wannan lokaci ne fari ya auka wa Arewa, cutar bushiya kuma ta yi wa shanu ɓarna, ta yadda wanda aka sallama daga ofis bai tarar da wani abin kirki a gona ko a garke ba. Sannan a 1986 farashin gangar mai ya faɗo zuwa wajen dala 10, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da Shirin Gyaran Tattalin Arziki, wanda kowa ya fi sani da SAP. Dala ɗaya da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta koma kimanin naira 22 a farashin hukuma a 1994.

Akwai wani abu da ya faru a tsakiyar wannan hali wanda ya shafi batunmu kai tsaye. A 1983 gwamnatin Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka tsara domin mutum ya yi karatun digiri daga inda yake zaune. A 1984 gwamnatin soja ta dakatar da ita, ba a kuma farfaɗo da ita ba sai a farkon shekarun 2000, zamanin mulkin Cif Olusegun Obasanjo. A 1984 ɗin ne kuma aka janye tallafin abinci a jami'o'i. Wato a shekarar da ma'aikata suka fi rasa aiki, a ita ce aka rufe makarantar da ta fi dacewa da mutumin da ke zaune a gida a Azare ko Gamawa ko Giyaɗe. Mai wannan maƙala yana ganin wannan a matsayin ɗaya daga cikin manyan kura-kuran wancan lokaci, ko da yake ba a cika lissafa shi ba idan ana maganar illolin shekarun.

4.0 Hukumar NDE da Hanyar Koyon Sana'a

Amsar da gwamnatin Babangida ta bayar ga matsalar ita ce Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, wadda aka kafa a ƙarshen 1986, ta fara aiki sosai a watan Janairu na 1987, ta kuma buɗe ofis a kowace jiha. An kasa ayyukanta gida huɗu: koyar da matasa sana'a, taimaka wa masu digiri su kafa ƙananan masana'antu, mayar da matasa gona, da ɗaukar mutane ayyukan gayya na wucin gadi kamar gyaran hanyoyi da dashen itatuwa.

Kashi na farko shi ya fi kusa da batunmu. A ƙarƙashinsa akan ɗauki matashi a danƙa shi ga wani gwani, makaniki ko tela ko kafinta ko mai walda ko mai gyaran rediyo, hukuma ta riƙa biyan gwanin ladan koyarwa, ta kuma ba yaron ɗan abin sawa a aljihu. An tanadi darasin aji a ranar Asabar domin a haɗa aikin hannu da bayanin littafi. An kuma fito da motoci masu ɗauke da kayan aiki waɗanda ke zagayawa karkara suna koyarwa. Masu digiri kuwa akan yi musu gajeren kwas na dabarun kasuwanci, sa'an nan a haɗa su da banki su karɓi rance, takardar shaidar karatunsu ita ce jingina.

Dole a yaba wa wannan tsari ta fuska guda. Bai zo wa Bahaushe da baƙon abu ba, domin danƙa yaro ga maigida ya koyi sana'a tsohuwar al'ada ce a maƙera da majema da marina da rumfar ɗinki. Gari kamar Azare, wanda ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga kasuwa ga tasha, ba ya rasa garejoji da shagunan da za su karɓi ɗalibai. Kuma shirin ya taimaka wajen rage ƙyamar da ɗan boko ke yi wa aikin hannu, ƙyamar da ta samo asali daga abin da aka bayyana a sashe na uku.

Amma akwai iyaka ga abin da koyon sana'a a wurin maigida zai iya yi. Na farko, almajiri ba ya wuce malaminsa a abin da malamin bai sani ba. Makanikin da ya koyi aiki da ido da kunne zai koya wa yaronsa da ido da kunne, kuma darasin yini ɗaya a mako bai isa ya cike abin da ya rage ba. Na biyu, kasuwar gari tana da iyakar telolin da za ta iya ciyarwa. Idan aka yaye tela ɗari a garin da mutanensa suka rage ɗinkin salla saboda tsadar yadi, an raba talauci ne kawai a tsakaninsu. Haka nan faɗuwar darajar naira ta sa keken ɗinki da injin walda da sauran kayan aiki, waɗanda daga waje ake shigo da su, suka fi ƙarfin wanda aka yaye, sai ya riƙe sana'a a ka babu abin yin ta a hannu.

Na uku, wanda shi ne ya fi muhimmanci a nan, shirin bai jingina da wata makaranta ba. Takardar da aka ba wanda ya gama ba ta buɗe masa ƙofar kwalejin fasaha ko ta ilimi, ba a kuma lissafa masa watannin da ya yi a matsayin wani mataki na karatu. Alhali kuwa abubuwa ukun nan da Amurkawa suka haɗa duk suna nan a Azare a 1987: akwai kwaleji da azuzuwanta da ɗakin karatunta, akwai makarantun sakandare da ke zama wayam bayan la'asar, akwai masu digiri da suka gama hidimar ƙasa suna yawon neman aiki, ga kuma matasan da suka gama sakandare ba su sami gurbi ba. Kuɗin agaji suna bi ta ofishin hukumar tarayya, kwalejin kuwa ta jiha ce, tana fama da nata ƙarancin kuɗi, tsarin bai kuma tilasta wa ɗaya ya nemi ɗaya ba.

Kada a ɗauka karatun dare na manya wani abu ne da sai an aro daga Turawa. Duk wanda ya tashi a garuruwan ƙasar Hausa ya san zaurukan malamai inda 'yan kasuwa da masu sana'a ke haɗuwa bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da lisha, kowa da littafinsa, wani yana Ahalari wani yana Risala, babu wanda ake tambaya shekarunsa. Haka kuma Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya nuna cewa magidanta za su zauna a aji idan an zo musu da karatu cikin harshensu, a lokacin da ya dace da su. Al'adar tana nan, hukuma ce ba ta yi gini a kanta ba a matakin kwaleji.

Abin da ya fi kusa da haka bai fito daga asusun agaji ba. A 1990 Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta fara ba da karatun takardar NCE daga nesa, ana haɗuwa a cibiyoyi a ƙarshen mako da lokacin hutu. Sai dai malaman da ke bakin aiki aka yi wa wannan tanadi, kuma su ke biyan kuɗin karatunsu. Wanda ba shi da albashi ba shi aka nufa ba.

5.0 Daga NDE Zuwa N-Power

Bayan NDE an yi shirye-shirye da dama masu kama da juna, kamar shirin kawar da fatara na 2001 da shirin SURE-P na 2012, kowanne daga baya ya shuɗe. Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne N-Power, domin shi ma ɗan karayar tattalin arziki ne, wadda ta auku a 2016 bayan wata faɗuwar farashin mai. A kashin farko an ɗauki masu digiri da masu NCE 200,000 a faɗin ƙasa, aka ƙara 300,000 a 2018, ana biyan kowa naira 30,000 a wata, bisa sharaɗin shekara biyu. Mafi yawansu koyarwa aka tura su a makarantun firamare, wasu kuma asibitoci da aikin malaman gona.

Ta wani ɓangare wannan ya yi kama da abin da aka yi a New Jersey, tun da an ɗauki mai ilimi maras aiki an biya shi daga asusun agaji ya koyar. A yankin da azuzuwan firamare ke cike maƙil malamai kuma ba su isa ba, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Bambancin shi ne, shi kansa wanda aka ɗauka ba a sa shi a wata hanyar karatu da za ta kai shi ga sabuwar takarda ba. Mai digirin tattalin arziki da aka tura aji uku a wata firamare ta Itas ya koyar shekara biyu ko fiye, ya fita ba shi da shaidar koyarwa, alhali Kwalejin Ilimi na nan Azare, Jami'ar Jihar Bauci kuma, wadda daga baya aka sa wa sunan Sa'adu Zungur, tana Gaɗau a cikin ƙaramar hukumar da yake aiki. Da an ɗaure alawus ɗin da rajista a kwas ɗin share fagen koyarwa na ƙarshen mako, da ƙarshen shirin ya zo masa da abin da zai nuna wa hukumar ɗaukar malamai.

Mai yiwuwa a ce, ina amfanin ƙara wa mutum takarda a ƙasar da masu takarda ke zaune? Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne aji ba ya ƙirƙiro aiki. Kwalejojin gaggawa na Amurka ma ba su ne suka kawo ƙarshen karayar ba. Amma karayar tattalin arziki aba ce mai wucewa, shekarun ƙuruciya kuwa ba su dawowa, saboda haka abin dubawa shi ne halin da matashi zai kasance a ciki ranar da ƙofa ta sake buɗewa. Irin wannan ƙofa ta buɗe a Azare a 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a garin, kusa da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ta riga ta kasance a can. Makarantu irin waɗannan suna neman ɗalibai masu kyakkyawan sakamako a darussan kimiyya, da ma'aikatan ɗakin gwaji, da masu ajiye bayanai, kuma daga ko'ina cikin Nijeriya suke ɗauka. Ɗan ƙasar Katagum da ya yi shekarun matsi yana gyara sakamakonsa na lissafi da kimiyya a ajin dare zai shiga wannan takara da abin hannunsa.

An sallami kashi na farko da na biyu na N-Power a tsakiyar 2020, a daidai lokacin annobar korona, sa'an nan gwamnatin tarayya ta dakatar da shirin a watan Oktoba na 2023 domin bincike.